Daga Zaure Zuwa Ɗakin Inna

A unguwar Birni ta Damagaram, can bayan fadar Sarki inda lunguna suke ratsawa tsakanin manyan duwatsu, akwai wani gidan ƙasa da ya girmi duk wanda ke kwana cikinsa. Mai gidan tsohon malamin makarantar boko ne da ya yi ritaya. Mutanen unguwa Malam suke ce masa, amma tsofaffin ɗalibansa har gobe Mushe suke kiransa, wato yadda bakin Bahaushen Nijar ya tanƙwara kalmar girmamawa ta Faransanci har ta zama sunan mai koyarwa a lakwal.

Kakansa ne ya gina gidan da tubali, curin ƙasar nan da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, aka rufe ɗakunan da azara da laka. Daga tushe, kaurin bangon ya kusa kamu biyu. Wanda ya shigo sai ya fara ratsa zaure, ya bi ta wata ƴar farfajiya, ya karya kwana ya shiga shigifa, sa'annan ya faɗa tsakar gida inda ɗakunan mata suke kewaye da wani dogon yaro. Ɗalibin Hausa da ke haddace waɗannan kalmomi a jere zai amfana idan ya san cewa ba a banza aka jera su haka ba. Kowace ƙofa an karkatar da ita daga wadda ke gabanta, don kada mai tsayuwa a waje ya hango na ciki. An gina gidan ne don ya tare zafin rana, da idon baƙo, da hayaniyar titi, kuma shekara da shekaru yana cika wannan aiki ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba.

A ɗaki na ƙurya mahaifiyar Malam take, wadda kowa ke ce wa Inna. Ƙafa ta riƙe ta, ba ta wuce bakin ƙofarta sai da sanda da kafaɗar jika. Ɗanta na ƙarshe, Auta, yana zangon Kumasi a ƙasar Gana yana sayar da kayan masarufi, kuma rabonsa da gida shekara 6. Muryarsa takan zo ta waya, idan aka fito da tsohuwar gindin dogon yaro aka yi ta ɗaga wayar sama ana neman rezo (haka ake kiran ƙarfin layin sadarwa a wannan ɓangaren iyaka, a Kano sai a ji an ce sabis). A cikin ɗakinta kuwa ko ɗigo babu. Abin da Inna take so shi ne ta ga fuskarsa, ta kuma ga yaron da aka haifa masa wanda ba ta taɓa ɗauka ba.

Bayan ƙaramar Salla sai Auta ya aiko da jaka 70, ya ce a sayi akwatin wifi. Jaka ɗaya sefa 1000 ce, don haka kuɗin ba na wasa ba ne ga ɗan tireda. Malam ya sayi na'ura mai cin katin layi ta 4G a kan jaka 35, ya zuba mata kuɗin intanet na wata guda na jaka 10, ya nannaɗe sauran jaka 25 ya sa a aljihun ƴar ciki. Da ya zo gida, bai yi dogon tunani ba ya ɗora ta bisa wata ƴar taga da ke can sama a bangon zaure. Dalilinsa mai kyau ne: tagar tana fuskantar dogon ƙarfen kamfanin waya, nan ne rezo ya fi ƙarfi a duk gidan, kuma nan ne akwai wurin jona wuta.

Kafin mako ya zagayo, dakalin ƙofar gidan ya cika da samarin unguwa, kowa ya sunkuyar da kai ga tafin hannunsa. Wani jikan Malam ne ya faɗa wa abokinsa kalmar sirrin, aboki ya faɗa wa aboki. A cikin gida kuwa, ƴar Malam da ke karatu a jami'ar garin sai ta tsaya a bakin shigifa kafin ta iya sauke takardun da malamanta suka aiko. Matan gida ba su ga komai ba. Na'urar da aka saya don tsohuwar da ke ƙurya ta zama ta masu wucewa a titi.

Sau ɗaya aka gwada kawo Inna zaure. Aka jira bayan sallar isha'i, aka sallami samari, aka tallabo ta a hankali aka zaunar bisa buzun Malam. Fuskar Auta ta fito tar, har da haƙoran yaron guda biyu. Amma tsohuwar da ta yi fiye da shekara hamsin ba ta zauna a zauren nan ba, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta amsa gaisuwa a taƙaice kamar mai magana da suruki. Ana cikin haka wani maƙwabci ya yi sallama. Da aka mayar da ita ɗaki ta ce wa jikarta, ba tare da ta dubi Malam ba, don ɗan fari ne kuma ba ta taɓa kama sunansa ba: "Ki faɗa wa ubanki kada a sake kai ni can. In abin ba zai iya zuwa inda nake ba, a bar shi."

Washegari Malam ya nufi kasuwa da jaka 25 ɗinsa. Wani mai shago ya saurari bayaninsa, ya sauko masa da wani kwali mai sheƙi. Na'urar ciki baƙa ce, da eriya shida a tsaye kamar ƙahonin barewa, an rubuta 1200 da manyan lambobi a gefe. Mai shagon ya ce wannan ko gidan sarki aka kai ta za ta game shi. Kuɗinta kuwa daidai da abin da ke aljihun Malam, kamar an leƙa an gani. Har ya sa hannu zai ciro, sai ya tuna da wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran wayoyi a bakin kasuwar, ya ce bari ya je su gaisa tukuna.

Yaron, wanda yanzu magidanci ne, ya miƙe tsaye ya ba shi kujerarsa. Da ya ji labari sai ya ce, "Mushe, kada ku sayi kome yau. Ku bar ni in zo in ga gidan."

Abin da ya hana Malam saya ya cancanci a tsaya a kansa, domin tarkon da ya kusa faɗawa shi ne yake kama yawancin masu saye. Lambar nan 1200 ba ta ce kome game da nisa ba. Sauri take nufi, kuma ko saurin ma an yi masa ado. Irin wannan na'ura tana magana a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. A na farko iyakar abin da za ta iya megabit 300 ne a daƙiƙa, a na biyu 867. Sai masu kamfani su haɗa biyun su sami 1167, su cike shi ya zama 1200, alhali wayar hannu a kan zango ɗaya take hawa a lokaci guda. Bayan haka, ruwan da ke fita daga tulu ba ya wuce wanda aka zuba masa: idan abin da ke zuwa daga ƙarfen kamfani megabit goma ne ko ashirin, to ko an rubuta dubu goma a kwali, goman ko ashirin ɗin za a raba.

Maganar zango biyun nan ba ta yi wa Malam wuyar fahimta ba, don mutum ne da ya tsufa yana murɗa rediyo yana neman tashoshin Hausa a kan mita 25 da mita 31. Wifi ma rediyo ce, sai dai tsawon igiyarta ba a mita ake auna shi ba. Ta zangon 2.4 kimanin santimita 12 ce da rabi, ta zangon 5 kuwa kimanin santimita 6. Gajeriyar ta fi ɗaukar kaya, amma ta fi saurin gajiya idan ta ci karo da bango. Saboda haka rabin abin da mai saye yake biya wa kuɗi a cikin wancan kwali, wato zangon 5, ba zai ko ƙetare bangon zaure na farko da wani ƙarfin kirki ba. A gidan bene na birni mai siraran bango yana da ranarsa. A gidan tubali, tsohon zangon 2.4 shi ne jakin da ke kai kaya.

Su kuwa ƙahonin shida, ba a ce ba su da amfani ba, amma ba su ninka ƙarfi sau shida. Dokokin sadarwa sun ƙayyade iyakar ƙarfin da na'urar gida za ta fitar, don haka mai tsada da mai araha ba su da tazara mai yawa ta wannan fuska. Doguwar eriya ba ta ƙirƙiro ƙarfi, matse shi take yi ya baje gefe-gefe, kamar a danna curin fura ya koma faifai. Akwai kuma abin da mai shago ba ya faɗa. Hira ce ake yi tsakanin na'ura da waya, kowace sai ta ji ƴar'uwarta. Ladan da lasifika ana jin sa har ƙarshen unguwa, amma wanda ke ƙarshen unguwar in ya amsa, ladan ba ya jin sa. Wayar hannu ƙaramar murya gare ta. Ko da na'urar zaure ta yi ihu har ɗakin Inna, amsar wayar ba za ta komo ta cikin bango huɗu ba.

Da la'asar mai gyaran waya ya zo. Aka yi masa iso, mata suka shiga ɗaki, ya bi gidan taki-taki da waya a hannu, Malam na biye da shi da alli kamar zamanin aji. Akwai manhajojin kyauta da ke nuna ƙarfin wifi da lamba, kuma lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta, ta yadda ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. A ƙarƙashin tagar zaure wayar ta nuna 40. A farfajiya 58. A cikin shigifa 72. A gindin dogon yaro 84, a ɗakin Inna kuwa sunan na'urar ma ya ɓace. Malam, da yake lissafi ya koyar, ya nemi a faɗa masa ma'anar tazarar. Aka ce masa duk ƙarin goma a wannan ma'auni yana nufin ƙarfi ya ragu sau goma, don haka daga 40 zuwa 80 ya ragu sau 10,000, kuma masu wannan sana'a sukan so kada a wuce wajen 67 idan ana son hira ta bidiyo ba yankewa. Ya rubuta lambobin a jikin bango, kowace a inda aka same ta. Da ya ja baya ya dube su, sai ya ga abin da ke cinye ƙarfin. A fili ma, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, abin da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma babbar faɗuwar a bakin kowane bango take. Gidan kakansa yana yi wa wifi abin da aka gina shi ya yi wa idon baƙo.

Ƴar Malam ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Baba, a ɗakin kwanan ƙawayena akwai wata ƴar ƙarama da ake soka wa a bango, tana ƙara nisa. Ba ta da tsada."

Mai gyaran ya ce gaskiya ne, kuma wani lokaci tana biyan bukata. Sai dai aikinta irin na sanƙira ne a wurin ɗaurin aure: sai ya saurara, sa'annan ya maimaita da ƙarfi. Ba ya ji yana faɗa a lokaci ɗaya, shi ya sa mai rahusar cikinsu takan raba sauri kusan biyu. Kuma sanƙiran da aka tsayar inda shi kansa ba ya ji sosai, abin da ya tsinta rabi-rabi shi zai yayata. A wannan gida inda ya kamata a sa ta shi ne farfajiya, wurin da ba wuta ba inuwa, kuma daga can ma saura bango biyu.

To me zai hana a ɗauko na'urar zauren kacokan a kawo ta tsakar gida? An gwada. Wifi ta cika ko'ina, amma fitilar da ke nuna rezon kamfani ta koma ɗigo ɗaya, hoto ya riƙa tsayawa. A nan ne Malam ya gane cewa hanya biyu ce yake ɗauka ɗaya. Akwai ta daga ƙarfen kamfani zuwa na'ura, akwai ta daga na'ura zuwa waya. Ta farko tana son tagar zaure, ta biyu tana son tsakar gida, kuma na'ura ɗaya ba ta zama wuri biyu.

Maganin da aka samu ba shi da kwarjini ko kaɗan. Waya ce, wato kebul, irin mai jijiya takwas a ciki da ake haɗa kwamfutoci da shi a ofis. Irin wannan kebul yana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya rage sauri ba, bango kuwa bai dame shi ba, tun da zagaye shi yake yi. Daga zaure zuwa rumfar tsakar gida mita 30 aka auna. A ƙarshensa za a jona wata na'ura ta biyu, wadda ba ta cin kati, aikinta kawai ta watsa abin da kebul ya kawo mata. Mai gyaran ya ce yana da wata ta hannu a shago, mai eriya biyu, ta zamanin ƙa'idar da aka tabbatar a 2009, wadda daga baya aka raɗa wa suna Wi-Fi 4. Ta tsufa a idon ƴan birni, amma zangon 2.4 take yi, kuma tana da makullin WPA2, wanda shi ne abin da bai kamata a sassauta a kansa ba ko da za a sayi tsohuwa. Wadda ba ta da sai tsohon makullin WEP, yaro mai wayo yana iya buɗe ta cikin mintoci.

Gardama ɗaya aka yi. Hanya mafi kusa ita ce a huda bangon shigifa. Malam ya ce ba za a sa ƙarfe a ginin kakansa ba. Mai gyaran ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi fuskar malaminsa, ya mayar ya rufe. Aka ƙara mita biyar, aka bi da kebul ta saman ƙofa, a ƙarƙashin azara, aka zura shi cikin tiyon roba a inda zai ratsa rana, don zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana busar da roba har ta farfashe. Saboda wannan zafin ne ma aka ƙi rataye na'urar a ƙarƙashin kwanon madafa, ga kuma cewa ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo baya. Aka ɗaure ta a ginshiƙin rumfar zana, sama da kan mutum, tana kallon ƙofofin ɗakuna. Dabarar ke nan gaba ɗaya: ba a nemi wifi ta fasa bango ba, an nuna mata ƙofa, ta shiga ta cikin asabari kamar yadda iska ke shiga. Aka sa ta zaure a tasha ta 1, ta rumfa a tasha ta 11, don kada su yi ta katse wa juna magana, da yake a wannan zango tasha ta 1 da ta 6 da ta 11 ne ba sa hawa kan juna.

A kan gadon Inna wayar ta nuna 61. A ɗakin ƴar jami'a, mai ƙofar ƙarfe, 59 ne in ƙofa na buɗe, 75 in an rufe, sai ta koyi karatu da ƙofa a sage.

Lissafin Malam ya tashi haka: na'ura jaka 8, kebul da kawunansa jaka 7, tiyo da ƙusoshi jaka 2. Ladan aiki mai gyaran ya rantse ba zai karɓa ba. Jaka 8 da suka rage aka cika da ɗan abin da Malam ya ƙara daga fanshonsa aka sayi ƙaramin batir mai ajiyar wuta. Na'urorin nan volt 12 suke ci, ba su fi ƙwan fitila ɗaya jan wuta ba, kuma a lokacin zafi wuta ta fi son ɗaukewa daidai lokacin da Auta yake rufe shago.

Saura maganar dakali, wadda ta fi ta bango wuya. Kuɗin intanet na wata guda ya ƙare cikin kwana tara, kuma a nan ne tsadar gaske take, don na'ura sau ɗaya ake saye, kati kuwa kowane wata sai an ciyar da shi. Aka canza kalmar sirri, aka hana jikoki sani. Kwana biyu dakalin ya yi fayau. Malam ya ji a bakin masallaci ana cewa Mushe ya koyi rowa da tsufansa, kuma maganar ta yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna, shi da ya saba a ce zaurensa ba a rufe shi. Bai mayar da kalmar ba. Amma akwai yara uku na maƙwabta masu shirin jarrabawar bakaloriya, waɗanda yakan kira zaure bayan magariba ya karɓi wayoyinsu ya shigar musu da kalmar da hannunsa, yana kare allon da tafinsa kamar mai rubuta laya.

Agogon Gana yana bayan na Nijar da awa ɗaya, don haka sai wajen ƙarfe tara na dare Auta yake samun sukuni. Daren farko jikar ta jingina wayar da filo, ta gyara fitila don a ga fuskar tsohuwar. Inna ba ta ja mayafi ba. Ta sa aka ɗaga mata yaron ta dube shi sama da ƙasa, ta ce kunnuwan kakansa ne. Ta sa matar Auta ta zagaya da wayar ta nuna mata ɗakin, da tukunyar da ke kan wuta, ta yi faɗa a kan cewa miyar ta yi ruwa. Sa'annan ta ce wa jikar ta fita ta saki asabari.

Malam yana zaune a bakin rumfa, ƙarƙashin ƴar fitilar na'urar mai ƙyaftawa. Ta cikin asabarin ya ji muryar mahaifiyarsa ta sauka ƙasa, ya tsinci kalmar adaka, da farin yadin da ta ajiye a ƙasanta tun dawowarta daga Makka, da sunan wadda take so ta yi mata wanka. Ya naɗe tabarmarsa, ya koma can bayan dogon yaro kusa da randuna, inda muryar ba ta kaiwa.